Ƙanƙarar bakin titi: daga kasuwar Mafara zuwa bayan teku

 Yau kayan sanyi muka ɗebo muku, daga Talatar Mafara mu ratsa Bakura da Maradun, mu leƙa har bayan teku. A matso kusa, kaya ne masu narkewa.

A ƙasashe da dama, mai teburin bakin titi kan ɗora dunƙulen ƙanƙara ya yi ta gurzarta har ta zama gari, ya tara a kofi, ya kwarara mata ruwan sukari mai launi. Mu nan hanya biyu muka fi sabawa da su: ko a fasa ta a jefa cikin abin sha, ko a ƙulla abin shan a leda a daskarar da shi ɗungurungum. Su gurzawa, mu fasawa, maƙogwaro dai ɗaya ne.

Shan ƙullin leda yana da ƙa'idarsa: a ciji kusurwa ɗaya, a tofar da ɗan guntun, a riƙa matsawa daga ƙasa a hankali. Wanda ya huda tsakiya kuwa, rigarsa ce za ta sha rabi. A gaida farar shadda!

Kun lura in yaro ya zuƙi daskararren zoɓo, ja da zaƙi ne ke fara fitowa, a bar shi da farin dunƙule mara ɗanɗano? Ruwa zalla ne ke fara daskarewa, sukari da launi su maƙale a tsakankanin ƙwayoyin ƙanƙarar, shi ya sa suke riga fita. Daɗi a gaba, haƙuri a baya.

Zoɓo ba ya rufa wa kowa asiri. Yaron da aka aika kasuwa ya dawo ya ce canji ya faɗi, Inna ba ta wahalar da kanta da tambaya, cewa kawai take, "Buɗe bakinka in gani." Jan harshe ya gama shari'a.

Sanyi yana dushe ɗanɗanon zaƙi a harshe, don haka ƙwararriyar mai haɗawa takan ƙara sukari a wanda za ta daskarar fiye da wanda za a sha a kofi. Ku bar ƙulli ɗaya ya narke sarai ku kurɓa, za ku ji zaƙin har tsakar ka. Hajiya ta san aikinta.

Sai dai sukarin yana da nasa sharaɗi: yakan sauke matakin daskarewar ruwa ƙasa da sifiri, don haka zoɓo mai zaƙi ya fi ruwa zalla daɗewa kafin ya kama. In ya kama kuma, ba ya yin taurin da zai ba haƙori wuya. A jira shi, zai biya.

Ruwa in ya daskare yakan kumbura da kusan kashi 9 cikin 100. Shi ya sa mai ƙulla leda ke barin ɗan sarari a sama, wanda kuma ya cika kwalbar gilashi taf ya sa a firiza, da safe sai tsintsiya. Ƙanƙara ma tana son wurin miƙe ƙafa.

Ranar Talata, ranar da kasuwar Mafara ke ci, ita ce sallar mai kula da mai baro. Wanda ya kawo rago, da wanda ya kawo buhun shinkafa, da dillalin da ke tsakaninsu, duk ƙishirwa ɗaya ke kama su bayan azahar. Ciniki ya faɗa ko ya tashi, mai sanyi ya ci riba.

A kan hanyar Gusau zuwa Sakkwato, da mota ta rage gudu a Mafara ko Lambar Bakura, hannuwa ne ke shigowa ta taga kafin gaisuwa. Fasinja kuwa ba ya tambayar kuɗi sai ya taɓa leda da bayan hannu ya ji ko da gaske ne. "Malam, taɓa ka ji!" ita ce duk tallar.

Ƙanƙarar da ake sha a ƙauyuka irin su Rini, Yarkofoji, Morai ko Dosara, sau da yawa a bayan babur take zuwa daga inda firiza ke aiki. Ɗan kabu-kabun da ya ɗauko ta ba ya tsayawa doguwar gaisuwa a hanya, don kowane minti kuɗi ne ke ɗiga a ƙasa. Ku yi masa uzuri, ba girman kai ba ne.

Baƙo kan yi mamaki ya ga an lulluɓe ƙanƙara da buhun algarara da garin katako a tsakiyar bazara. Iskar da ke maƙale cikin garin ita ke hana zafin waje shiga, yadda bargo ke hana ɗumin jiki fita da hunturu. Bargo ba ya zaɓen wanda zai rufa.

Ɓuntun shinkafa ma yana yin wannan aikin tsaf, kuma duk wanda ya san yankin Bakolori ya san ɓuntu ba abin nema ba ne, tuli yake a bayan injin casa. Shinkafa ta cika ciki, ɓawonta ya tsare sanyi. Babu na yarwa.

Dabarar garin katakon nan ta taɓa ƙetare duniya. A 1833 wani jirgin ruwa ya tashi daga Boston ta Amurka da tan 180 na ƙanƙarar da aka yanko daga tafkunan da suka daskare, ya yi wata huɗu a teku, ya isa Kalkata ta Indiya da kusan tan 100. Mai kai ta Maradun a babur, kana da magabata.

Babban dunƙule ya fi fasasshiyar ƙanƙara daɗewa, domin gefen da iska ke taɓawa kaɗan ne in aka kwatanta da nauyinsa. Saboda haka gwanin mai talla ba ya fasawa sai mai saye na tsaye a gabansa. Guduma tana jiran kuɗi.

Farin nan da kuke gani a tsakiyar dunƙule iska ce da aka kora. Ruwa daga gefe yake fara daskarewa, ya yi ta tura kumfar iska ciki har ta rasa mafita. An ritsa ta a lungu.

Ga lissafin da ya sa ƙanƙara ta fi ruwan sanyi aiki: zafin da kilo ɗaya na ƙanƙara ke shanyewa kafin ya narke, shi ne zai ɗaga kilo ɗaya na ruwa daga sifiri zuwa digiri 80 a ma'aunin Salshiyas. Ɗan dunƙule ɗaya ke nan ya isa ya kwantar da hankalin jug guda. Ƙarami, amma da ƙarfinsa.

Madatsar ruwa ta Bakolori da ke ƙasar Maradun, wadda aka kammala a 1978 a kan kogin Sakkwato, tsawon bangonta kilomita 5.5 ne, kuma an gina ta don riƙe ruwa kubik mita miliyan 450. Ruwa ke nan har da na kyauta, amma mayar da kofi ɗaya ƙanƙara sai an sami wuta ta kwana. Ga ruwa, saura sanyi.

Masuntan da ke fitowa daga dam ɗin su ma suna cikin layin masu neman ƙanƙara, don ɗanyen kifi ba ya jure rana. In ta samu, kifi ya tafi birni ɗanye da darajarsa, in ba ta samu ba, a hura wuta a yi banda. Tarwaɗa da zoɓo, abokan takara.

Babu ihun da ya kai na "An kawo wuta!" daɗi a kunnen mai firiza. Ko ƙarfe biyun dare ne za ta tashi ta jera leda, domin wutar ba ta yin sallama in za ta tafi. Barci ya jira, ba ya narkewa.

Firiza mai buɗewa ta sama ta fi mai ƙofa a gaba riƙe sanyi, saboda iska mai sanyi ta fi nauyi, a ƙasa take kwanciya ko an ɗaga murfi. Cikakkiya kuma ta fi rabi jure ɗaukewar wuta, don kowane ƙulli yana sanyaya maƙwabcinsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Manyanmu sun ga firji mai aiki da kananzir a ɗakunan shan magani na karkara: a kunna lagwani a ƙasa, ƙanƙara ta fito a sama. Zafin wutar ne ke zagaya da sinadarin amoniya cikin bututu, shi kuma ya janye zafin da ke cikin akwatin. Wuta ta haifi ƙanƙara, Allah mai iko!

Yanzu kuma ga firizar sola ta shigo gari. Ranar da ke narkar da kayan mai talla a kasuwa, ita ce ke daskarar da na gobe a gida, kuma lokacin da ta fi ƙuna ne aka fi neman sanyi. Faɗuwa ta zo daidai da zama.

Akwatin nan da ma'aikatan rigakafi ke rataye da shi suna bin gida-gida, ɗan'uwan kular mai zoɓo ne. Yawancin alluran ana son su zauna tsakanin digiri 2 zuwa 8, don haka ake jera musu robobin ƙanƙara a gefe. Wannan kular, a bar ta a rufe.

A gidajen yin ƙanƙara na manyan birane, gwangwanaye cike da ruwa ake jerawa cikin tafkin ruwan gishiri mai tsananin sanyi. Gishiri yana hana ruwan tafkin daskarewa ko ya sauka ƙasa da sifiri, na cikin gwangwani kuwa ya kama. Gishiri bai tsaya a miya ba.

In kuwa ana neman abin da ya fi kusa da gurzajjiyar ƙanƙarar can a wajenmu, to fura ce, ko hura kamar yadda Bazamfare ke kiranta. A dama ta da kindirmo a ƙwarya, a fasa ƙanƙara ƙanana a watsa, ludayi ya riƙa karo da su yana ƙara. Wannan ƙarar kaɗai ta rage rabin ƙishirwa.

A nan ne ake raba gari tsakanin mashaya. Dattawa na cewa ƙanƙara tana tsinka fura ta kashe kaurin nono, ruwan randa ya wadatar. Matasa na cewa furar da ba ta sa haƙori tsami ba, ba a gama damunta ba. Ni dai ina bayan a sanyaya nonon tukuna, sannan a jefa dunƙule biyu kacal.

Abin burgewa a fura shi ne tun a turmi aka daka ta da citta da kanumfari da masoro, wani lokaci har da barkono. Sai ga yaji da sanyi a ludayi ɗaya, harshe na jin ɗumi, maƙogwaro na jin raɓa. Gero ya iya tara baƙi.

Shagunan zamani kuma sun kawo bilanda: fura, yogot, ƙanƙara, dabino da kwakwa, a danna maɓalli, minti ɗaya an gama. Sumul take fita babu gudaji, shi ya sa masu son taunawa har yau suke komawa gindin bishiya wajen 'yar Fulani. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Haɗin gero da nono da ƙanƙara ya bi Hausawa har zangon Ghana. A Nima ta Accra da zangon Kumasi ana sayar da irinsa da sanyi a roba, suna ce masa burkina, ga kuma lamurje mai citta a gefensa. Fatake sun tafi da goro a zuciya, sun bar gero a baki.

Shukar zoɓo ba ta da abin zubarwa: ganyenta shi ne yakuwa, ko sure a bakin mutanenmu, ƙwayarta a yi daddawar batso, jan kwanson furenta kuma a jiƙa a sha. Miya, ɗanɗano da abin sha daga tushe ɗaya. Manomi ya gode.

Ku matsa lemun tsami a zoɓo, ja zai ƙara haske. Ku jefa ɗan kanwa, tsami zai ragu, launi ya koma duhu. Sinadarin da ke ba shi launi ne ke sauya kama gwargwadon tsamin ruwan, abin da ɗaliban kimiyya ke gwadawa a aji. Madafin Hajiya ma ɗakin gwaji ne.

Busasshen zoɓon da ake nomawa a Jigawa, Kano da Katsina, babbar kasuwarsa ta waje ita ce Meziko. Can ma jiƙa shi suke yi su sha da sanyi, har su kwarara ruwansa a kan gurzajjiyar ƙanƙara a bakin titi. Zoɓonmu ya riga mu yin fasfo.

Mutanen Meziko ba su tsaya nan ba, har tsamiya da garin barkono suke zuba wa ƙanƙararsu. Bahaushen da ya saba da lemun tsamiya mai citta ba zai yi baƙunta a wannan teburin ba. A ba shi kujera kawai.

Shi kuwa zoɓo, a Senegal bisap ne, a Masar da Sudan karkade, a Ghana sobolo. Jan ruwan dai shi ne, kuma ko'ina da ƙanƙara ya fi shiga.

Kunun aya shi ne ɗan lelen kula. In babu sanyi, wanda aka tace da safe zai iya yin tsami kafin dare, har roba ta kumbura, don haka mai shi ba ta fita talla sai ta shimfiɗa masa ƙanƙara sama da ƙasa. Mai daɗi, mai saurin fushi.

A birnin Valencia na Sifaniya, kunun aya abin alfahari ne, suna kiransa horchata, kuma da zafi sukan sha shi rabi ruwa rabi ƙanƙara. Ayar da suke nomawa ba ta isarsu, sai sun sayo daga Afirka ta Yamma, ciki har da Nijar, inda jihar Maradi ta yi suna wajen nomanta. Ashe 'yar aya ta san jirgi.

Ita ayar tsohuwar hannu ce, don an tono ta a kaburburan mutanen Masar na zamanin Fir'auna. Dubban shekaru ke nan ana taunawa. Haƙora sun sha aiki.

'Ya'yan kuka a kan bishiya suke bushewa cikin ƙoƙonsu, a fasa a sami farin gari mai tsami, mai yawan bitamin C. A jiƙa, a tace, a sa sukari da madara a ƙulla a leda, sai ya daskare da laushi saboda kaurinsa. Mutanen Senegal ma haka suke yi da nasu. Kuka ta ba da miya, ta ba da kayan zaƙi.

Goruba da yaranmu ke gwagwiya a hanyar makaranta, a Masar jiƙa ta ake yi a sha da sanyi lokacin buɗa-baki. Mai neman sabuwar haja a Bakura, ga shawara kyauta.

A Japan, tun wajen shekara ta 1000 matan fada ke shan gurzajjiyar ƙanƙara da zaƙin wata shuka a kwanon ƙarfe, daga ƙanƙarar da aka adana tun lokacin sanyi. Yau kakigori suke kiranta, kowa na saye, har sun ware mata ranar 25 ga Yuli. Abincin fada ya fito titi.

Leburorin Japan da suka je aikin gonakin rake a tsibirin Hawaii tun ƙarshen ƙarni na 19 sun tafi da al'adar, yau ta zama abin da baƙi ke bin layi su saya. Ɗan ci-rani ba ya tafiya hannu rabbana.

Ku riƙe hularku: a Malesiya, jan wake da masara ake zubawa a gurzajjiyar ƙanƙara, a bi da madarar gwangwani, sunanta ais kacang. A Koriya ta Kudu ma waken ne dafaffe da sukari a saman patbingsu. Mu da muka san wake a ƙosai da alale, sai mu ce sannunku da ƙoƙari.

Filifin ta fi kowa tara kaya a kofi: wake, ayaba, doya mai launin shunayya, madara da ƙanƙara, a cakuɗa da dogon cokali, shi ne halo-halo. Suna kuma da ƙullin leda irin namu sak, haka mutanen Brazil. Cizon kusurwa ya zama yaren duniya.

Mai gola a titunan Indiya da Pakistan kan gurji ƙanƙara a kan abin goge katako irin na kafinta da aka kifar, ya dunƙule garin da hannu a jikin tsinke, ya tsoma a ruwan zaƙi. A Indiya wani har da baƙin gishiri a ciki. Tsire ke nan na ƙanƙara.

A Haiti, soyayyar gyaɗa ake barbaɗawa a kan kofin fresko. Ƙasar Zamfara da gyaɗa ba baƙuwa ba ce, me muke jira?

Mutanen tsibirin Sisili na Italiya kuwa da ƙanƙara suke karya kumallo a lokacin zafi: granita mai lemun tsami ko kofi, da ɗan burodi mai laushi a tsoma. Kakanninsu daga dutsen Etna suke sauko da dusar ƙanƙara. Mai shayi, ka ji abokan hamayya.

A Iran, ƙasa mai hamada, tun kafin lantarki ake gina rumbun ƙasa mai tsini don ajiyar ƙanƙara. Da daren hunturu a zuba ruwa a faffaɗan kwami mara zurfi a inuwar doguwar katanga, da asuba a kwashe abin da ya daskare, a jibge a ramin rumbun da ciyawa har bazara. Su ma sun san ba a fafe gora ranar tafiya.

Sarakunan Masar na ƙarni na 14 daga duwatsun Sham ake kawo musu dusar ƙanƙara har Alƙahira, wata a jirgin ruwa, wata a kan raƙuma ana sauya su zango-zango. Littattafan tarihi sun kuma ruwaito cewa a shekara ta 160 bayan Hijira an kai wa wani halifan Abbasiyawa ƙanƙara har Makka lokacin aikin Hajji. Abin da sarki ya aika raƙumi dominsa, yau yaro na saye da canji.

Kafin duk wannan, randa ce firjin gidanmu. Ruwa na tsattsafowa ta jikin yumɓu, iska ta busar da shi ta tafi da zafi, shi ya sa randa ta fi sanyi a busasshiyar iskar bazara da hunturu fiye da damina. Ba ta taɓa tambayar ko an kawo wuta ba.

Har yanzu akwai bayin Allah da ke girke randa da moɗa a ƙofar gida ko masallaci don mai wucewa ya sha kyauta. Wannan al'ada ta fi kowace kula daraja a idona, kuma ina roƙon kada firiza ta kore ta. Allah Ya saka wa masu cikawa.

Salkar matafiya da jarkar da direban babbar mota ke naɗewa da jiƙaƙƙen buhu ya rataye a gefe, duk hikimar randa ce. Mota na gudu, iska na busar da buhu, ruwa na sanyi. Man fetur ɗaya, aiki biyu.

A shekarun 1990 wani malami a Jigawa ya yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da tsumma mai laima. Tumatir da gauta sukan yi kwanaki a ciki ba su lalace ba. Masu lambun fadama, ga firji daga gidan maginiya.

Ƙanƙarar farko da kakanninmu suka taɓa da hannu daga sama ta faɗo, tare da hadarin damina. Yara su fita da kwano suna tsinta suna tsotsa, manomi na tsaye a ƙofa yana addu'a kada ta farfasa masa ganyen dawa. Murnar wani, fargabar wani.

Ciwon kan nan da ke soka goshi in an haɗiyi ƙanƙara da gaggawa, daga ganɗa yake tasowa, sanyi ne ke firgita jijiyoyin wurin. A manna harshe a saman baki, ko a kurɓi ruwa mai ɗumi, cikin ɗan lokaci ya wuce. Sannu ba ta hana zuwa.

Wannan kuma ba wasa: daskarewa ba ta kashe ƙwayoyin cuta, kwantar da su kawai take yi, da an narke su farka. Ƙanƙarar da aka yi da gurɓataccen ruwa za ta iya ɗauko taifot ko amai da gudawa, don haka wadda aka yi don sanyaya kwalba daga waje, kada a jefa ta cikin kofi. A tambayi mai ita da wane ruwa ya yi, ba rashin kunya ba ne.

Iyaye kan ɗora wa ƙanƙara laifin mura, alhali ƙwayar cuta ce ke kawo mura, daga atishawa da hannu take yaɗuwa. Laifin da ya tabbata a kanta shi ne na haƙori, don masu gurgurarta suna iya tsaga shi. A tsotsa, kada a tauna.

Mai jego dai ko ana zafin da ya fi digiri 40, ba ta ganin ƙanƙara a gidan da kaka ke da iko. Ruwan zafi da kunun kanwa ne rabonta har a yi arba'in. Ranar fita, a tanadar mata kula guda.

Yawancin ƙullin da kuke saye a tasha daga cikin gida ya fito, daga hannun matan da ba a gani a kasuwa. Da ribarsa ake zubin adashi, a sayi sabulu da littafin makaranta, a tara kayan ɗakin 'ya mace, wadda ba ta da firiza kuma ta kama hayar gurbi a ta maƙwabciya. Ƙaramar leda, babban rufin asiri.

A gidan biki, ana gane uwar ɗakin da ta shirya daga bahon da ta cika da ƙanƙara tun safe. Tuwo ya yi daɗi, nama ya wadata, amma in lemo ya zo da ɗumi, shi za a tafi da shi a baki. 'Yan biki ba sa mantuwa.

Ledar da aka tsotse aka yar tana damuna ƙwarai. Iska ta kai ta magudanar ruwan gona ta toshe, ko akuya da saniya su haɗiye, mahauta kuwa sun sha ciro dunƙulen leda daga tumbin dabbar da ta rame ba a san dalili ba. Mai kula, ɗaura ɗan buhu a gefe, mai sha ya jefa a ciki.

Da azumi, kasuwar ƙanƙara ba ta tashi sai bayan la'asar, sannan kowa ya fito da bokiti a hannu. Wanda ya sayo da wuri ta narke kafin kiran salla, wanda ya makara ya tarar an kwashe. Sanin lokaci shi ne jari.

Shekarar Musulunci ta fi ta Bature gajarta da kwana 10 zuwa 11, don haka azumi ke zagaya dukan yanayi cikin kusan shekara 33. A 2022 da 2023 cikin ƙunar Afrilu ya faɗo, masu firiza suka sha kira. Bisa lissafi kuma a 2030 zai kama sau biyu, a Janairu da ƙarshen Disamba, duka cikin hunturu. A lokacin mai kunun tsamiya ne zai yi dariya.

To ina mai ƙanƙara ke shiga in iskar Disamba ta taso, leɓe na tsagewa, kowa na neman bargo? Ku duba da kyau wanda ke juya shayi a bakin tasha, ko mai soya ƙosai kusa da tukunyar koko, fuskar za ta yi muku kama da sananniya. "Alhaji, mai madara ko baƙi?"